Yadda Ake Haɗa Abinci Marar Nama Cikin Sauri Domin Mai Zaɓen Abinci

Akwai lokacin da autana, yana ɗan shekara 5, ba ya cin komai da rana sai farar taliya da mai, kuma da zarar ya hango ko silin albasa a cikinta sai ya ture kwanon ya miƙe. Nama ma ba ya haɗiyewa. Zai yi ta tauna, ya tara a kumatu, daga baya in tsince shi a bayan ƙofa. A daidai wannan lokacin nama ya yi tsadar da sai ranar Juma'a yake shiga tukunyarmu a nan Gusau, ga kuma kakarsu da likita ya ce ta rage jan nama. Sai na wayi gari ina neman abincin da babu nama a cikinsa, wanda zai dahu tsakanin dawowar yara daga makarantar boko da tafiyarsu Islamiyya, kuma wanda yaron nan zai yarda ya kai bakinsa. Hanyar da na bi ce zan shimfiɗa a nan daki-daki. Idan na ce abinci marar nama, ina nufin wanda babu nama, babu kaza, babu kifi, amma ƙwai da nono da madara da man shanu duk suna ciki.

Mataki na farko: ki gano abin da yake ƙi

Uwargida, kafin ki ɗora tukunya, ki ɗauki kwana uku ko huɗu kina kallon mai zaɓen abincin nan ba tare da kin yi masa magana ba. Ni surukata ce ta buɗe mini ido. Wata rana da dare na zuba wa yaron tuwon shinkafa da miyar kuɓewa, ya ƙi, har na ɗaga murya. Hajiya tana zaune kan tabarma tana jan carbi, sai ta ce mini: "Ɗiyata, ba tuwon yaƙ ƙi ba, yauƙin miya na bai so." Ta gutsuro tuwon daga gefen da miya ba ta taɓa ba, ta dangwala a man shanu da ɗan gishiri, ta miƙa masa, ya karɓa ya cinye, ya sake miƙo hannu.

Mafi yawan masu zaɓen abinci, yara ko manya, wata siffa guda ce ke korarsu, ba abincin gaba ɗaya ba. Wani yauƙi ne ba ya so, wani kuma abin da ya yi laushi ya caɓe. Wani idonsa ne ke yanke hukunci, da ya ga kore ko gutsattsarin albasa da tattasai ya gama. Wani ƙamshin daddawa ne, wani kuma zafin attarugu, wanda mu manya muka saba da shi har muke mantawa cewa harshen yaro bai kai namu juriya ba. Ki samu takarda ki rubuta abubuwa biyu: abin da yake ci ba gardama, ko da guda huɗu ne kacal, da kuma siffar da kika lura tana sa shi janye hannu. Duk girkin da zai biyo baya daga jerin farko zai tashi, kuma doka ɗaya ce a kansa, wato kada ki sauya abu fiye da ɗaya a lokaci guda. Idan taliya yake ci, taliyar za ki ba shi, miyar kawai za ki sauya. Idan kika sauya taliya da miya da kwano a rana ɗaya, ba za ki san wanne ya ƙi ba.

Mataki na biyu: tanadin mako

Saurin girki a ranar aiki daga wahalar ranar hutu yake fitowa. Wake, wanda shi ne ginshiƙin abinci marar nama a ƙasar Hausa, yana cin fiye da awa guda a kan gawayi, don haka wadda za ta fara gyaran wake ƙarfe ɗaya na rana ta riga ta makara. Ki ware safiyar Asabar ko Lahadi ki yi waɗannan ayyuka. Tun da wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, na fi karkata ga busassun kaya a kan waɗanda sai da firji.

Ki surfa wake kwano ɗaya, ki wanke dusar ta fita, ki shanya ya bushe ƙarau, sannan ki kai injin niƙa. Ki raba garin biyu: rabi ki bar shi zalla domin ƙosai da alale, rabi ki haɗa da garin rogo domin ɗan wake. Idan ya bushe sosai kuma kin rufe shi a roba mai murfi, zai yi makonni bai lalace ba. Wajen sayen wake ki sansana shi. Wanda ke warin maganin ƙwari ki bar shi a kasuwa, domin wanki ba ya fitar da magani duka.

Ki daka yajin ƙuli-ƙuli iri biyu. Na manya da barkono yadda aka saba, na mai zaɓe kuma ƙuli ne da ɗan gishiri da citta kaɗan, babu barkono ko ɗaya. Wannan robar ta biyu ita ce ta fi kowace aiki a madafina, domin yaron da ya ƙi abu sau da yawa yana karɓarsa idan an barbaɗa masa ƙuli. Ki zaɓi gyaɗa da ƙuli masu kyau; wadda ta yi fumfuna ko take ɗaci tana iya ɗauke da guba mai cutar da hanta, kuma suya ba ta kashe wannan guba.

Ki tsinke zogale, ki wanke, ki shanya a inuwa ba a rana ba, ki daka ki tankaɗe. Idan kina da firji mai riƙe sanyi, ki dafa wake gwangwani huɗu ya yi laushi ba tare da ya fashe ba, ki tsane, ki ƙulla kashi-kashi. Idan babu, ki jiƙa na gobe tun da dare, ki zubar da ruwan jiƙon da safe; hakan yana rage lokacin dahuwa sosai, yana kuma rage kumburin ciki.

Miyar da ke ɗauke da kayan lambu

Wannan ita ce ta fara karya gardamar gidana, don haka zan tsaya a kanta. Ki samu tumatir manya 6, tattasai 3, albasa 2, karas 2, da yankin kabewa kamar faɗin tafin hannu. Lokacin sanyi, sa'ad da kayan noman rani ke shigowa daga wajen Bakolori da sauran fadamu, ga albasar Aliero ta cika kasuwa, duk waɗannan suna araha, kuma lokacin ya fi dacewa ki yanka tumatir da tattasai ki busar domin bazara.

Ki wanke su, ki cire 'ya'yan tattasai, ki fere kabewa da karas, ki yayyanka manya-manya. Ki zuba duka a tukunya, ban da albasa ɗaya, da ruwa rabin kofi, ki rufe su sulala minti 10 har cokali ya riƙa shiga karas ba wuya. Ki sauke su huce kaɗan, ki markaɗa su yi laushi sumul. Idan babu wuta ki daka a turmi ki tace da rariya mai laushi. Sai ki ɗora man gyaɗa ludayi ɗaya, ki yanka albasar da kika ajiye siri-siri, ki soya ta a wuta kaɗan har ta yi ja ta fara ƙamshi, sannan ki tsame ta ki ajiye wa manya. Ɗanɗanonta ya riga ya shiga man, kuma babu silin da yaro zai tsinta. Ki juye markaɗen, ki sa gishiri, dakakkiyar tafarnuwa ƙwara biyu da ɗan citta, ki riƙa juyawa minti 10 har mai ya taso sama.

Kabewa da karas suna kashe tsamin tumatir, saboda haka ba kya buƙatar kanwa ko sukari, kuma launin miyar ja ne kamar wadda ya saba gani. Attarugu ki jajjaga daban, ki soya a ɗan kasko, duk mai so ya ɗiba. Masu cewa miya ba ta daɗi sai da romon nama, sau da yawa albasa ce ba su bari ta soyu ba. Daddawar kalwa ƙwaya ɗaya, a daka ta lukui a sa tun wajen suya, tana ba miya irin nauyin da nama ke ba ta. Idan ƙamshinta ne yake ƙi, ki fara da rabin ƙwaya. Idan kuma wanda kike dafa wa ba ya cin nama sam bisa ra'ayi ko umarnin likita, ki karanta jikin takardar dunƙulen ɗanɗanon da kike sawa, domin wasu ana haɗa su da sinadarin kaza ko na naman sa.

Da wannan miya a ajiye, taliya minti 10 ce, shinkafa minti 20, dafaffen dankali ko doya minti 15. Bayan mako guda yana ci, ki ƙara abu ɗaya: dafaffen wake ludayi ɗaya ki markaɗa tare da kayan miyar. Tana ƙara kauri, launinta bai cika sauyawa ba, kuma farar taliyar nan ta zama abinci mai gina jiki.

Amma ina da ra'ayi a kan ɓoye kayan lambu. Dabara ce ta wucin gadi domin jikin yaro ya samu abin da yake buƙata kafin bakinsa ya saba, kuma idan ya tambaye ki abin da ke ciki, ki gaya masa gaskiya. Yaron da ya kama uwarsa ta yi masa ƙarya a kan abinci yana fara zargin kowane kwano, har da wanda yake ci a da.

Ɗan wake

Ɗan wake ya dace da mai zaɓe saboda kowace ƙwaya kamar 'yar'uwarta take, babu abin da zai ba shi mamaki a tsakiyar loma. Ki fara ɗora ruwa a tukunya mai faɗi, domin kafin ya tafasa kin gama kwaɓi. Ki jiƙa kanwa kamar girman ƙwayar gyaɗa biyu a ruwa kofi ɗaya, ki bari ta narke ki tace. Ki tankaɗe gari gwangwani 2, wanda aka haɗa wake kashi ɗaya da rogo kashi biyu, ki sa garin kuka babban cokali 2, ki gauraya. Ki riƙa zuba ruwan kanwar kaɗan-kaɗan kina kwaɓawa har ya yi danƙo yana bin hannu, kada ya yi ruwa kuma kada ya yi tauri. Da ruwa ya tafasa, ki riƙa gutsura da yatsu kina jefawa, ƙanana-ƙanana, domin manya suna barin gari a tsakiya. Ki juya sau ɗaya don kada su kama ƙasan tukunya, kuma kada ki rufe ruf, kumfa zai zubo. Bayan sun taso sama ki ba su minti 10 zuwa 15, ki ciro ɗaya ki raba. Idan cikinsa ya yi launi ɗaya da bayansa, ya dahu. Ki tsame a ruwan sanyi, ki tsane, ki zuba mai da yajin ƙuli.

Mutane da yawa yanzu da fulawa zalla suke yinsa, sunan wake kawai ya rage. Yana cika ciki, amma idan babu nama a gidan, waken ne dalilin dafa shi, don haka ki sa shi, har ma ki riƙa ƙara yawansa sannu a hankali. Ki kuma taƙaita kanwa, domin yawanta yana lalata wasu bitamin da ke cikin wake, yana kuma ɓata ɗanɗano. Tun da kuka ta riga ta ba shi duhun launi, nan ne wuri mafi sauƙi na shigar da garin zogale: rabin ƙaramin cokali a kwaɓi ba ya nunawa. Dafaffen ƙwai, tumatir, kokwamba da kabeji ki jera su a faranti daban, kada ki zuba masa a kai.

Garau-garau kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Ki rege shinkafar gida tsaf, domin tsakuwa ɗaya ta isa ta raba yaro da shinkafa na wata guda, ki ɗora, idan ta yi rabin dahuwa ki zuba dafaffen wakenki. Ga wanda ke tsince wake yana jerawa a bakin kwano, ki fara da ƙananan farin wake, kashi ɗaya cikin biyar na shinkafa, ki bar shi ya yi laushi sosai, sannan ki riƙa ƙarawa mako-mako.

Awara

Waken suya ya fi duk wani wake da muke da shi furotin, wato sinadarin da ke gina jiki, fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa idan busasshe ne, alhali farin wake da gyaɗa kusan kashi ɗaya cikin huɗu suke da shi. Shi ya sa awara ta fi komai cike gurbin nama, kuma abin daɗin shi ne yara da yawa suna sonta tun a bakin makaranta. Hanya mafi sauri ita ce ki yi magana da mai awarar unguwarku wadda kika yarda da tsabtarta, ta riƙa cire miki wadda ba a soya ba. Idan za ki yi da kanki, aikin ranar hutu ne: ki jiƙa waken suya kwana guda ko awa 8, ki wanke, ki kai markaɗe, ki ƙara ruwa ki tace da ƙyalle mai laushi. Ki ɗora ruwan madarar a babbar tukunya, ki tsaya a kai domin tana zubowa da sauri. Idan ta tafasa sosai, ki rage wuta, ki riƙa zuba ruwan tsami na kamu ko na jiƙaƙƙiyar tsamiya kaɗan-kaɗan har ta dunƙule ta rabu da ruwa. Ki kwashe a ƙyalle, ki ɗaure, ki ɗora abu mai nauyi ta tsane kamar awa guda. Mai awara takan sa attarugu da albasa a ciki kafin matsewa; ta mai zaɓe ki bar ta fara da gishiri kawai.

Daga nan hanya uku ce, kowace ba ta wuce minti 10 ba. Ki yanka dogo-dogo kamar yatsa ki soya ta yi ƙas-ƙas, ki ba shi miyar nan a ɗan kofi ya riƙa dangwalawa, domin yara suna son abin da za su riƙe da hannunsu. Ko ki tsoma a kaɗaɗɗen ƙwai ki soya, a ci da kunu ko a sa a tsakiyar burodi a tafi da ita makaranta. Ko kuma ki murmushe ta da hannu, ki soya a mai har ta yi ja, ki juye cikin miya. A kan shinkafa tana kama da niƙaƙƙen nama, kuma ba ta da jijiyar da ke sa yaro tara loma a kumatu.

Ƙosai da wainar fulawa

Da garin wake a roba, ƙosai ya daina zama aikin asuba. Ki kwaɓa gari gwangwani ɗaya da ruwa mai ɗumi, kaurinsa ya fi na kunu, ki rufe minti 20 ya jiƙu. Ki goga albasa da abin goga don ta narke a ciki, ki sa, sannan ki buga da muciya ko maburgi sosai har ƙullun ya yi sauƙi ya tashi. Bugun nan ne ke sa ƙosai ya kumbura. Gishiri sai daf da suya. Ki ɗiga kaɗan a ruwa, idan ya taso sama ya bugu. Wannan ƙullun, idan kika sassauta shi da ruwa da manja cokali biyu da ɗan markaɗen miya, kika zuba a gwangwanaye kika turara kamar minti 30, ya zama alale. Wanda ba ya son abu mai laushi ƙosai za ki ba shi, wanda ba ya son maiƙo kuma alale.

Wainar fulawa ta fi duka sauri: fulawa gwangwani ɗaya, garin wake babban cokali 2, ƙwai ɗaya, ludayin miyar kayan lambu, gishiri da ruwa, a dama ruwa-ruwa, a shafa mai a kasko a soya fale-fale.

Ganye, wanda shi ne mai wuya

A nan sai haƙuri, kuma kada ki fara da shi. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli, wanda mu muke ci da hoce har mu lashe yatsu, ga yaro mai zaɓe tulin kore ne mai ɗaci. Ki dafa zogale ya yi laushi sosai, ki matse, ki yanka shi ƙanana, kuma a karon farko ƙuli ya fi ganye yawa, da ɗan mai da gishiri. Cokali ɗaya ki sa masa a gefe. Miyar sure ma, wato yakuwa, idan aka zubar da ruwan tafasar farko aka sa markaɗaɗɗiyar gyaɗa, tsaminta yana sauka.

Dambun shinkafa hanya ce mai kyau ga wanda ba ya son abu mai ruwa. Ki wanke ɓarzajjiyar shinkafa, ki tsane, ki turara a madambaci minti 15. Ki juye a roba, ki yayyafa ruwa kaɗan, ki sa mai, gishiri, dakakkiyar gyaɗa, gogaggen karas da zogale tafin hannu ɗaya, ki gauraya, ki mayar ta ƙara minti 15. Nasa kason ki fara da karas da gyaɗa kawai, zogalen ya biyo baya.

Da safe ko da dare, idan lokaci ya ƙure, kunun gyaɗa da ƙosai cikakken abinci ne, haka ma fura da nono mai kyau, ko dafaffen dankalin Hausa da mai da ƙuli. Kabewa idan aka dafa ta aka farfasa da gyaɗa tana da zaƙin da yara ke karɓa ba musu.

Mataki na uku: yadda ake ajiye kwanon

Rabin nasarar a nan take, kuma a nan ni na fi yin kuskure. Ki zuba kaɗan, ƙasa da abin da kike ganin zai ci, domin tulin abinci yana karya zuciyar mai zaɓe tun kafin ya fara, kuma gara ya ce a ƙara masa. A kowane zama ya kasance akwai abu ɗaya da kin san yana ci, sabon abu kuma cokali ɗaya a gefe, kada su taɓa juna. Kada ki yi masa ɗura, kada ki yi barazana da bulala, kada kuma ki yi alkawarin alewa idan ya cinye, domin hakan yana koya masa cewa abincin hukunci ne, alewar ce lada. Idan minti 20 zuwa 30 suka wuce bai ci ba, ki ɗauke kwanon ba tare da faɗa ba, kuma kada ki tashi ki dafa masa wani abu daban.

Masana abincin yara sun nuna cewa yaro yakan buƙaci a gabatar masa da sabon abinci sau 10 ko fiye kafin ya karɓa, mu kuwa sau biyu muke gwadawa mu ce ba ya ci. Autana ya yi kusan wata guda yana kallon awara a gefen kwanonsa. Da farko turawa yake da yatsa, sannan ya fara sansanawa, wata rana ya lasa ya ajiye. Ranar da ya ci, ni ban ce komai ba, yayarsa ce ta miƙa hannu za ta ɗauke tasa, sai ya riga ta. Cin abinci tare da sauran yara a faranti ɗaya, yadda aka tashe mu, yana aikin da lallashi ba ya yi, sai dai ki lura kada manyan su cinye su bar shi.

Ki duba abin da yake ci tsakanin abinci da abinci. Biskit, cincin, lemon kwalba da shayi mai sukari awa guda kafin abincin rana sun isa su toshe cikin ɗan shekara 5. Ki bar tazarar awa biyu babu komai sai ruwa. Ki kuma sa shi aiki: ya tsinke zogale, ya ɓare dafaffen ƙwai, ya zaɓi karas idan kun shiga kasuwar Tudun Wada. Idan kuma mai zaɓen babba ne, maigida ko tsohuwa, ba sai an yi dabara ba. A tambaye shi cikin ladabi abin da ba ya so a girkin, a ajiye yaji da ganye a gefe ya ɗiba da kansa.

Abin da za ki kiyaye tun da babu nama

Hatsi da wake suna cike wa juna gibi, domin abin da furotin ɗin gero, dawa ko shinkafa ya rasa yana cikin wake, shi ya sa shinkafa da wake, ko kunu da ƙosai, suka fi kowannensu shi kaɗai. Ba dole ba ne su haɗu a kwano ɗaya, ya isa a ci su a yini guda. Bitamin B12 kuwa ba a samunsa a hatsi ko ganye, sai a abin da ya fito daga dabba, don haka kada ƙwai ko nono ko madara su yanke a gidan. Ƙwai ɗaya yana da furotin kusan giram 6. Nonon da za a ba yaro ya zama wanda aka tafasa madararsa kafin a kwantar. Sinadarin ƙarfe mai ƙara jini yana cikin wake da zogale, amma jiki bai cika jansa da sauƙi kamar na nama ba. Lemon zaƙi, gwaiba, mangwaro, ɗanyen tumatir ko matsin lemon tsami tare da abinci suna taimaka masa, shayi kuma yana hana shi, don haka a raba shayi da lokacin cin abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a yini, gishiri kuma kada ya kai giram 5, na yara ƙasa da haka, saboda haka kada ki nemi jan ra'ayinsa da yawan dunƙule.

Kada ki ba yaron da bai kai shekara 5 ba gyaɗa ko ƙuli guda-guda, yana iya shaƙewa. Ki daka masa. Idan ya ci gyaɗa, ƙwai ko awara jikinsa ya yi ƙuraje, ko leɓensa ya kumbura, ki daina ba shi ki nemi likita, idan kuma numfashinsa ya sauya ki garzaya da shi asibiti nan take. Shinkafa da wake da alale suna saurin lalacewa a zafin bazara. Abin da ya kwana ba a firji ba kuma ya sauya wari ko ya fara yauƙi, zubarwa ake yi, wanda aka ajiye da kyau kuma a ɗumama shi ya yi zafi har ciki.

Akwai kuma zaɓen abincin da ya wuce na madafi. Idan yaron yana ramewa ko nauyinsa ya tsaya, idan tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari, idan yana cin ƙasa, ko yana ƙwarewa da amai duk lokacin da ya haɗiyi abu mai tauri, ko abincin da yake karɓa yana raguwa maimakon ƙaruwa, ki kai shi asibiti a auna nauyinsa da jininsa. Ki tafi da katin awonsa da takardar nan da kika rubuta a matakin farko, ki ƙara da abin da ya ci a kwana uku na ƙarshe, domin ita ce tambayar da ma'aikaciyar lafiya za ta fara yi miki.